Takalman Ɗakin Ciki

Ƙanena ya kwashi masu ɗinkin takalma na layinmu ya kai su gaban gwamnati, suka roƙa a hana shigo da takalman waje. Gwamnati ta hana.

Shi ne shugaban ƙungiya. Kowa Ciyaman yake ce masa. Ni Auta nake ce masa, don na san shi tun yana yawo ba wando, kuma ni na koya masa riƙe basilla. Rumfata ta gyaran takalma tana tsallaken titi, tana kallon shagonsa mai ƙofar gilashi.

Shagon ɗaki uku ne a jere. Na gaba na talakawa ne: takalma a rataye da igiya, benci guda, madubi mai tsaga. Na can baya wurin aiki ne. Ba taga, sai kekunan ɗinki da warin gam, da magidanta zaune a ƙasa ba riga, suna yanka suna ƙwanƙwasa. Ƙofarsa ta lungu take, mai saye ba ya ganinta. Na tsakiya shi ake kira ɗakin ciki. Akwai kafet, da kujera mai laushi, da na'urar sanyi. Nan ake shigar da manya. A kawo kwali, a buɗe a hankali kamar za a fito da jariri, a ce wannan jiya ya sauka daga jirgi.

Ba abin da ya sauka daga jirgi. Ta lungu aka zagayo da shi. Fata ɗaya ce da ta ɗakin gaba, hannu ɗaya. Bambancin wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, wanda Auta ya sa aka sassaƙa masa, ɗauke da sunan wata ƙasa da bai taɓa takawa ba. A ɗora shi kan garwashi, a danna a ƙasan takalmi, hayaƙi ya tashi. Shi ke nan, takalmi ya je Turai ya dawo.

Mai kuɗi ba ya duba ɗinki. Juya takalmi yake yi ya karanta ƙasansa. In ya ga sunan, sai ya gyaɗa kai, ya ce shi dama tun daga ƙamshin fatar ya gane.

Rabin layinmu suna da irin ƙarfen nan. Amma nasu aikin ko makaho ya shafa ya san na lungu ne. Na Auta ba haka ba. Ɗinkinsa a miƙe yake, dunduniya ba ta karkata, ba ka ganin gam a gefe. Ban raina hannunsa ba. Shi ya raina abinsa.

Abin da ya tayar da maganar wani mutum ne a bakin layi da ake kira Mai Kwantena. Ya fara da kawo mana gam da zare da roba ta ƙasan takalmi. Daga baya ya gane cewa kawo takalmin a ɗinke ya fi. Ya cika kasuwa da wasu masu sheƙi, marasa nauyi, masu arha kamar an tsinto. Ruwan sama ɗaya ke buɗe musu baki. Ana kawo mini su gyara, in soka basilla ta wuce kamar a burodi. Amma mutane suka yi ta saye. Ɗakin gaba na Auta ya mutu, haka na kowa a layin.

Aka kira taro a ɗakin ƙungiya, saman shagon mai fenti. Fanka ba ta aiki. Mai Kwantena ya zo ba a gayyace shi ba, ya zauna a gaba ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Auta ya ɗaga ɗaya daga cikin takalman Mai Kwantena, ya yage shi gida biyu a gaban jama'a.

"Ku duba! Kwali ne. Kwali ake sa wa 'yan ƙasa a ƙafa."

Mai Kwantena ya ce, "Kwalin ne daidai aljihunsu. Mai gadi da 'ya'ya cike da ɗaki, naka zai saya? Ko so kake ya yi yawo ba takalmi don kai ka canza mota?"

"Fatarmu suke kwashewa ɗanya a banza, su dawo mana da shara."

"To kai wa ya hana ka kai musu taka sharar? Duniya ta zama kasuwa ɗaya, Ciyaman. Kai ne kake barci."

"Kasuwa ɗaya, mu ne 'yan dako a cikinta."

Aka yi tafi. Mai Kwantena ya jira aka gama.

"Ciyaman, gam ɗin da kake shafawa, kakarka ce ta dama shi? Keken ɗinkinka a bayan gidanku ya tsiro? Zaren fa? Agogon nan na hannunka fa?"

"Waɗannan kayan aiki ne."

"Oho. Abin da kake saye kayan aiki ne. Abin da kake sayarwa shi ne kishin ƙasa."

Aka tashi da hayaniya, wani ya jefi Mai Kwantena da rabin takalmin. Kowannensu ya faɗi gaskiyar ɗan'uwansa, ba wanda ya faɗi tasa. Wani ya juyo ya ce, "Baba, kai me ka ce?" Na ce a buɗe taga.

'Yan ƙungiya suka ɗinka riguna iri ɗaya da yadin waje, aka rubuta a baya wai mu sayi namu. Suka yi hayar bas, suka tafi gaban gwamnati. An ce Auta ya yi jawabi har da hawaye, a kan ƙafar talaka da sana'ar iyaye. Ubanmu direba ne. Amma jawabin ya shiga. Masu saƙa da masu sabulu ma suna ta nasu kukan a lokacin, gwamnati kuma tana neman abin da za ta ce ta yi. Ba a daɗe ba aka sanar a rediyo: daga yanzu duk takalmin waje da aka samu a shago za a kwashe a ƙone.

Ranar layinmu ba wanda ya yi aiki. Aka ɗaga Auta a kafaɗa, wandonsa ya yage.

Da yamma ya tsallako rumfata, ya tsaya, don ba ya zama a bencina tun da ya sa ƙofar gilashi.

"Yaya, ka gane abin da ya faru kuwa? Yanzu na waje zai yi wuya. Abin da ya yi wuya kuma tsada yake yi."

Na ce, "Wane na wajen?"

Ya yi dariya. "Kai dai, Yaya."

Ya sayar da motarsa. Ya sayar da filin da shi da matarsa suka daɗe suna cewa za su gina su bar haya. Duka ya zuba a fata, mai kyau, wadda ake jima a can wajen a dawo da ita. Ya ƙara ma'aikata. Garwashi bai mutu ba a ɗakin baya. Mutumin da ya yi kuka saboda ƙafar talaka, ko silifas ɗaya bai ɗinka wa ɗakin gaba ba. Kwalaye suka hau har rufi a ɗakin ciki, suka cika wani sito da ya kama a lungu. Duk abin da ya mallaka a duniya ya koma takalmi sau-ciki, kowanne da sunan ƙasar nan a ƙasansa.

Ba wanda ya ga abin da ke zuwa, duk layin. A wurinmu doka ta san kowa da fuska. An yi ta ne don Mai Kwantena, kuma Mai Kwantena ga shi can a bakin layi. Ba mu tuna cewa wanda za a turo baƙo ne, kuma shi ma juya takalmi zai yi ya karanta ba.

Mai Kwantena shi ya tuna. Kaya bai daina zuwar masa ba, hanya kawai ya sauya, ta daji. Ya je wurin maƙerin da ya yi wa Auta aiki, ya sa aka sassaƙa masa nasa ƙarfen, mai cewa a nan gida aka yi.

Wata safiya motar kwastan ta tsaya a bakin layi. Suka shiga wurin Mai Kwantena. Suka juya wannan, suka juya wancan, suka karanta, suka yaba masa da ya rungumi kayan gida. Suka fito.

Ba su da niyyar bincikar Auta. Shugabansu, wani dogo mai furfura a gemu da suke kira Oga, cewa ya yi a je a gai da Ciyaman, mutumin da ya yi tsaye aka kafa doka. Auta ya taro su tun daga titi da hannu biyu.

"Yallaɓai, rana ta yi zafi. Ku shigo ciki ku sha sanyi."

Da ƙafarsa ya kai su. Da hannunsa ya buɗe musu ƙofar.

Na tsallaka na tsaya a bakin ƙofa. A kujera mai laushi akwai mai saye, ƙafa ɗaya cikin sabon takalmi. Surukin Auta ne, uban mijin 'yarsa ta fari, mai gidajen sayar da fetur, wanda ake kira Mai Gidan Mai. Shi da abokansa su ne rabin cinikin ɗakin ciki.

Aka kawo lemo. Oga yana sha yana yabon dokar. Wani cikin mutanensa ya gaji da tsayuwa, ya jawo kwali ya buɗe. Ya juya takalmin. Ya miƙa wa Oga.

Oga ya ajiye kwalba. Ya dubi kwalayen tun daga ƙasa har rufi.

"Ciyaman, wannan fa?"

Ana jin guduma ta bayan bango. Auta ya yi tari mai ƙarfi, gudumar ta tsaya. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya ce yallaɓai zo mu zagaya lungu. Ya dubi Oga. Ya dubi surukinsa.

"Tsohon kaya ne, yallaɓai. Tun kafin doka."

Gam ɗin ko bushewa bai gama yi ba.

"Doka ba ta ce sabo ko tsoho ba. Kai ka fi ni saninta."

Mai Gidan Mai ya zare ƙafarsa a hankali, ya tura takalmin ƙarƙashin kujera da dunduniya.

"Ai sai da na ce maka, suruki, kaya masu daraja irin waɗannan ba a barinsu a fili. Yanzu ina za mu sami irinsu?"

Suka kwashe ɗakin ciki tas. Wani mai baƙin ciki a layin ya nuna musu siton lungu, suka kwashe shi ma. Mota ta yi sawu ta dawo. Mutane suka cika titi. Masu irin ƙarfen nan duk suka sulale, kowa ya je ya jefa nasa a kwata. Mai Kwantena yana tsaye a ƙofarsa yana sakace haƙori.

Washegari matar Auta ta zo rumfata. Mace ce mai magana ɗaya. Ta yi shekaru tana sayar da ƙanƙara daga firjin gida don a sayi filin nan.

"Yaya, tashi ka raka mu. In ni kaɗai ce ba zai buɗe baki ba."

Ofishin Oga ɗaki ne mai ƙura a bayan wani babban sito. Buhunan kayan da aka kama sun tokare taga. Kujerar baƙi ƙafarta uku, an tallafe ta da bulo. Auta ya zauna a kai a ɗosane. Ya fara da gaisuwa, ya koma kan tarihin ƙungiya, ya shiga kishin ƙasa.

Matarsa ta buɗe jaka, ta fito da ƙarfen, ta ajiye a kan tebur.

"Yallaɓai, ga ƙasar wajen. A bayan shagonsa take. Ko fasfo ba shi da shi."

Oga ya ɗauki ƙarfen. Ya sa aka kawo takalmi ɗaya daga sito, ya gwada a kan rubutun. Ya zauna daidai. Ya dubi Auta, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya kwantar da kai a tebur. Ya kira na ƙofa ya nuna masa, shi ma ya kama ciki.

"Wato kai ka ɗinka, kai ka buga, kai ka je ka roƙa a kama, kai kuma ka ba mu lemo."

Auta ya ce, "Yallaɓai, a rufa asiri."

Na ce, "Aikinsa ne. Ni na koya masa, na san ɗinkinsa."

"Baba, na yarda. Amma ba kai aka kama ba." Ya share ido ya gyara zama. "Ciyaman, saurara. Da jiya ka faɗa, da ko kwali ɗaya ba a ɗauka ba, sai dai faɗa a kan ƙarfen. Yau kuwa an nuna kayan a talabijin. Manyana sun gani, sun yi murna, shi ne kamu mafi girma tun da aka kafa dokar. An sa ranar ƙonawa, a filin bayan kasuwa, da 'yan jarida. In kayan nan suka ɓace a ɓoye, cewa za a yi na ci hanci. Ba zan ajiye kakina saboda kai ba."

Matar ta ce, "To yaya za a yi, yallaɓai?"

"Hanya ɗaya ce. Dama an sa shi cikin masu jawabi, tunda shi ne Ciyaman. In aka ba shi lasifika, ya ce waɗannan takalman shi ya yi su a layinsu, sun yi kyau har jami'anmu suka ɗauka na waje ne. Manyana za su fi son wannan labarin a kan wuta. Ga shaida kayan gida sun kai. A tafa masa, ya kankare rubutun, ya kwashi kayansa. Ƙarfen kuma ya zauna a nan."

Ya jefa shi a aljihun tebur ya rufe.

Auta ya ce, "A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka kwashe."

"Ba za a iya cewa wani ne ya yi ba? Wani daga cikin ma'aikatana?"

"A shagon wa aka samu? Ko magana ko wuta, Ciyaman. Ka je ka yi shawara."

A hanya matar har da hamdala. A ganinta an gama.

Na bi su gida. Falonsu na haya ne, kujerun an rufe su da leda tun ranar da aka saye su. A bango ga hoton Auta yana miƙa wa wani babba hannu. Ya zauna ƙarƙashin hoton ya cire hula.

Ta ce, "Maigida, me za ka yi wa shawara? Magana ce ba ta kai numfashi biyu ba."

"Ba ki san kasuwa ba."

"Na san fili. Na san mota. Suna cikin kwali a siton kwastan."

"In na faɗa, wa zai ƙara shiga ɗakin ciki?"

"Su shiga na gaba."

"Su zauna a benci su yi ciniki da ni kamar mai tumatir? Mutumin da yake ce mini ranka ya daɗe don in ajiye masa lambar ƙafarsa in kaya sun sauka? Gobe ya ce kai, mai takalmi, zo ka auna ni?"

"To ba mai takalmin ba ne kai?"

"Ni ɗan kasuwa ne."

"Ɗan kasuwar da ba shi da ko igiyar takalmi."

"Za su ce na cuce su."

"Ka cuce su mana. Amma akwai wanda nasa ya yage? Akwai wanda ya dawo da shi? Su ji haushi su huce."

Can ya ce, "'Yarmu a gidan Mai Gidan Mai take aure. Takalman da angon ya sa, da na ubansa, da na abokansa, duk cewa na yi na aika aka kawo. Kina so a riƙa yi mata dariya a tsakar gida?"

"Kada ka fake da 'yata. Ita ta sha goge maka su tana ƙarama. Ta san inda aka yi su, kuma ba ta mutu ba."

Ta juyo gare ni. "Yaya, ka yi magana mana."

Na ce, "Auta, wanda ya yi ɗinkin nan ba shi da abin jin kunya."

Ya ɗago kai.

"Yaya, kai da ba ka ji kunya ba, shekara nawa kana aiki da sunanka? Me ka tara? Rumfar kwano da benci."

Na ɗauki hulata na fita.

Kafin ranar, labari ya zaga cewa Ciyaman ɗan fasa-ƙwauri ne. Na zaci zai ɓuya. Ina! Sai ga shi yana yawo a layi kafaɗa a buɗe. Manya suna tsayar da mota su yi masa jaje, su rage murya su ce in an sake samun hanya a tuna da su. Yana gyaɗa kai kamar mai jiragen ruwa a teku. A ce masa ɓarawon iyaka ya fi masa daɗi a kan a ce ya iya ɗinki. Ma'aikatansa kuwa suna zaune a lungu, ba fata, ba aiki.

Ranar ta zo. Filin bayan kasuwa wurin zubar da shara ne, aka share gefe ɗaya aka kafa rumfa. Kujerun roba a baya, masu laushi a gaba. A tsakiyar fili aka tara kayan: 'yan buhunan takalman roba da aka ƙwace wa masu talla a bakin titi, sai kwalayen Auta, an jera su kamar gini, sun fi mutum tsawo. An buɗe na sama don masu hoto. Rana tana dukan fatar tana sheƙi. Gefe ga jarkokin fetur, ga wani da sanda mai tsumma a kai.

Na tsaya kusa da rumfa tare da matarsa. Ma'aikatan suna can baya, hannu a ƙirji. Mai Kwantena ya zo da rigar nan ta mu sayi namu, ban san inda ya samo ta ba. Ya matso kusa da ni.

"Baba, kaya masu kyau. Wallahi ko ni ban taɓa kawo irinsu ba. Wace ƙasa ce ma?"

Ban dube shi ba.

Manya suka cika layin gaba. Mai Gidan Mai yana tsakiya, da abokansa dama da hagu. Na dubi ƙafafunsu. Na san kowane ɗinki. Sun zo kallon ƙona kayan waje, kowa sanye da abin da yake jin na waje ne, kowa ya tura ƙafa ƙarƙashin kujera don kada kwastan su gani.

Wani babba daga hedikwata ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce ƙasa ba za ta zama juji ba, yana tsaye a kan juji. Wani malami daga jami'a ya ce rufe iyaka ba ya gina masana'anta, aka karɓe lasifikar kafin ya kai aya. Aka tafa wa duka biyun daidai wa daida.

Sannan Oga ya karɓa.

"Jama'a, kafin a kunna wuta, shugaban masu ɗinkin takalma yana da wata magana a kan kayan nan. Magana ce mai daɗi. Ciyaman, bismilla."

Auta ya fito cikin babbar riga. Ya karɓi lasifika. Ya gai da manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa. Ya gode wa gwamnati. Ya ce doka doka ce, ba ta san ɗan gida ba. Ya shiga ƙafar talaka. Oga ya matso ya tsaya a gefensa.

"Ciyaman, takalman nan. Gaya wa jama'a inda aka yi su."

Masu hoto suka matso. Auta ya dubi kwalayen. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya dubi layin gaba. Mai Gidan Mai ya ɗaga masa hannu, irin na ka yi haƙuri, Allah zai mayar.

Matarsa ta ce da ƙarfi, "Maigida, faɗa mana!"

Aka juyo ana kallonta. Daga baya wani cikin ma'aikatan ya ce, "Oga Ciyaman, mu ne fa!" Na kusa da shi ya ja hannunsa.

Auta ya kai lasifika baki.

"An rubuta a ƙasansu. Duk mai ido ya karanta."

Oga ya karɓe lasifikar ya kashe. Ya yi wa mai feturin alama ya dakata. Ya kama hannun Auta ya jawo shi gefen rumfa, inda muke tsaye. Fuskarsa ba dariya yanzu.

"Kai, wane irin mutum ne? In na ɗaga hannu an gama. Ba fili, ba mota, ba kaya. Mutanen can da kake jin kunya, gobe ko gaisuwarka ba za su amsa ba in shagonka ya zama fanko."

Matar ta riƙe wa Auta hannun riga. Ba ta yi kuka ba.

"Dubi idona. Ƙanƙara na sayar. Hannuna ya tsage a firji. Ka ce kai ka yi."

Na ce, "Auta."

Bai dube ni ba. Ya zare rigarsa daga hannunta, ya gyara ta a kafaɗa.

Oga ya miƙo masa lasifikar.

"Na ƙarshe ke nan, Ciyaman. Ka ce ni na ɗinka, ka kwashi kayanka."

"Ba zan ce ba."